Wane asid zan shafa a fuska, wane kuma a jiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 26, fuskata mai maiƙo ce, hancina da haɓata duk baƙaƙen ɗigo-ɗigo, kuma ƙurji ɗaya ba ya fitowa ya tafi bai bar min tabo ba. Damatsana da cinyoyina kuma wasu ƙananan ƙuraje ne masu kaushi, kamar fatar kazar da aka fige. Na sayi kwalba uku: gilaikolik asid mai kashi 10 cikin 100, salisilik asid mai kashi 2, da man jiki mai laktik asid kashi 12. Sati biyu ke nan ina shafa biyun farko kowane dare, yanzu ko ruwa ya taɓa fuskata sai raɗaɗi. Ƙawata ta ce alamar yana aiki ne. Haka ne? Kuma zan iya shafa man jikin a fuska? Ƙanwarki, mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Daga daren yau ki ajiye kwalaben fuskar nan biyu. Ƙawarki ta faɗa da kyakkyawar niyya, amma fatar da ruwa kawai ke sa ta raɗaɗi fata ce da aka cinye mata garkuwa. Ɗan tsikari na minti ɗaya bayan shafawa ba komai ba ne. Zogin da ke kwana da ke har safiya kuwa, rauni ne. Ki yi sati biyu ba abin da zai hau fuskar sai abin wanki mai laushi, man da ba shi da turare, da man kariya daga rana.

Ina gaya miki haka ne don ni ma na taka wannan sawun. Shekarun baya na samu wani ruwan gilaikolik, na ga cikin kwana uku goshina ya yi sheƙi, sai na ce ashe abin nema ya samu. Na koma shafawa kullum, ranar hutu kuma in dirje da abin goge fuska mai tsakuwa-tsakuwa. Sheƙin nan da nake murna da shi ashe fata ce ta yi siriri. Gefen bakina biyu suka fara saɓa, da suka warke sai suka bar baƙi kamar an shafa gawayi. Wata biyar ina fama kafin ya dushe. Wannan ita ce matsalarmu mu masu duhun fata: duk inda fata ta ji ciwo, sai ta mayar da martani da ƙarin launi. Wato maganin tabon da kika saya, idan ya yi yawa, shi da kansa zai haifa miki sabon tabo.

Kwalabenki duka uku masu kyau ne, haɗa biyun farko ne ya ɓata. Fata tana zubar da matattun ƙwayoyinta da kanta, wajen kwana 28 ga mai shekarunki, aikin asid kawai shi ne ya sassauta abin da ke liƙe su don su faɗi cikin sauƙi. Sai dai kowane asid da inda yake aiki.

Salisilik, wanda za ki ga an rubuta BHA a jikinsa, yana narkewa cikin mai. Shi ya sa yake iya kutsawa cikin ramukan fata ya kwance maiƙon da ya toshe su. Baƙaƙen ɗigon hancinki ba datti ba ne, maiƙo ne da matacciyar fata da iska ta taɓa suka yi duhu, don haka dirza ba ta fitar da su. Ga fuska irin taki, salisilik ne naki. Kashi 2 ya isa. Bayan sati biyun hutun, ki fara da dare biyu a mako, a hanci da haɓa da goshi kaɗai, ki bar kumatu idan ba su da matsala. Idan wata ya zagayo ba raɗaɗi ba saɓa, ki ƙara dare ɗaya.

Gilaikolik da laktik da mandelik ’yan gida ɗaya ne, rukunin da za ki ga an rubuta AHA a jikin kwalbarsu. Su a ruwa suke narkewa, aikinsu a saman fata yake: kaushi, dishewar launi, tabon da ya daɗe. Gilaikolik ne mafi ƙanƙantar ƙwaya a cikinsu, don haka ya fi saurin shiga, ya kuma fi saurin ƙona mutum. Kashi 10 ɗin da kika saya shi ne iyakar abin da ake so a shafa a gida ba tare da likita ba, ke kuma da shi kika fara. Laktik ya fi sauƙi, yana ma riƙe wa fata danshi. Mandelik ƙwayarsa babba ce, a hankali yake shiga, kuma in da za ki tambaye ni wanda zan zaɓa wa mai duhun fata mai saurin tabo, shi zan ce. Wadda fatarta ba ta jure komai, ta nemi mai rubutun PHA, wani rukunin asid da ya fi waɗannan sauƙi.

Kwalbar gilaikolik ɗinki ba ta yi asara ba. Ki mayar da ita gwiwa da gwiwar hannu, sau biyu a mako.

Yanzu ga jiki. Ƙurajen damtsenki da cinya, bisa yadda kika kwatanta su, irin waɗanda ke fitowa ne idan keratin, sinadarin da ke cikin fata da gashi, ya taru ya toshe bakin ramin gashi. Ba cuta ce mai yaɗuwa ba, ba kuma rashin wanka ba ne, sau da yawa ma gado ne. A nan kin yi dace, don laktik kashi 12 shi ne abin da likitocin fata suka saba bayarwa. Ki shafa bayan wanka tun jiki na da ɗan laima. Ki ba shi sati huɗu zuwa shida, kuma ki sani idan kin daina za su dawo. In bai yi miki ba, ki gwada man da ke da yuriya, wani sinadari mai tausasa fata, kashi 10 zuwa 20. Sai ki rage ƙarfin soso a wurin, don dirza tana ƙara musu duhu.

Man jikin a fuska kuwa, a’a. Fatar cinya da ta baya sun fi ta fuska kauri, an kuma haɗa man jiki da nauyin da zai iya toshe miki ramukan da kike ƙoƙarin buɗewa. Kada kuma ki shafa kowane asid a hammata ko ƙafa ranar da kika yi aski, ki bari kwana biyu su wuce.

Abin da na fi ganin ana sakaci da shi shi ne rana. AHA na sa fata saurin ƙonewa, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a rubuta gargaɗi a jikin kwalba cewa a kiyayi rana yayin amfani da shi da kuma mako ɗaya bayan an daina. Ki nemi man kariya mai SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariyar da ake rubutawa a jikinsa, kowace safiya, ko da hadari ya haɗo. Idan kin san ba za ki iya wannan ba, gara ki haƙura da asid ɗin, don tabon zai ƙara baƙi ne.

Ba ki faɗa min ko kina shafa retinol, sinadarin bitamin A na gyaran fata, ba. In kina yi, kada ya haɗu da asid a dare ɗaya. In kina shafa man da ke ɗauke da sitiroyid, irin wanda ke cikin wasu mayukan ƙaiƙayi da na bilicin, ko jikinki ba ya karɓar asfirin, ko kina da juna biyu, ki ga likitan fata kafin ki koma kan salisilik. Ranar da za ki koma ɗin ma, ki fara ɗiga kaɗan a ƙasan muƙamuƙi, ki jira kwana biyu ki gani.