Ku Tambayi Anti: Neman na Sallah daga cikin gida

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda Sha'aban ya kama saƙonni suke ta shigo min, kuma kusan duk zance ɗaya ne, azumi ya ƙarato Sallah na biye da shi aljihu kuma ba nauyi. Na zaɓo guda huɗu, sauran ku yi min uzuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wata uwargida a Ɗorayi, Kano: Anti barka da warhaka. Ni matar aure ce yarana uku, albashin maigida baya kai mu ƙarshen wata balle a yi maganar kayan Sallah. Na iya cincin da dublan da kek, duk wanda ya ci sai ya yaba. Bara na gwada yi wa mutane na kuɗi amma da Sallah ta wuce na duba ba uwa ba riba. Yanzu na ɗauki adashi dubu 50, bana son a maimaita. Ina na kuskure?

Amsa: Ƙanwata hannunki ba shi da laifi, biro da takarda ne baki ɗauka ba, kuma wallahi ba ke kaɗai bace. Nima shekarar da na fara haka ta same ni, kwana uku ina tsugunne gaban kasko har idona yayi ja saboda hayaƙi, wata 'yar uwa ta aiko aka ɗaukar mata bokiti biyu tace bayan Sallah, wata maƙociya tace a ƙara mata gyara na ƙara, yara suna wucewa suna ɗiba ban hana ba, har Babbar Sallah ta zo kuɗin bokiti biyun nan basu shigo ba. Ranar da na zauna na ƙirga na yi kuka sosai, don jarin ma na aro ne.

Toh ga abun da nake so ki yi tun kafin a ga wata. Ki kwaɓa cincin na kwano ɗaya tal na gwaji, ki rubuta duk abun da ya shiga ciki, fulawa, suga, bota, ƙwai, madara, man gyada, sannan ki rubuta waɗanda mu mata muke mantawa dasu: gawayi ko gas, bokitin roba, leda, kuɗin ɗan sahu zuwa kasuwa da dawowa, katin da kika kira kwastoma da data ɗin da kika ɗora hoto. Man suya ma ki auna kafin ki zuba ki kuma auna bayan kin sauke, abun da ya tafi daga awon cincin ne ya shanye kuma kuɗi ne. Idan ya huce ki zuba a bokitin da za ki sayar ki ga nawa ya cika. Misali in komai ya tashi dubu 9 kuma ya cika ƙananan bokiti uku, kinga kowanne ya tsaya miki dubu 3 kenan tun baki sa ladan wahalarki ba, in kika sayar dubu 3 da 200 don kina jin kunyar Hajiya, aikin banza kika yi. Ki ɗora kuɗin guminki a kai ki faɗi farashi ɗaya ga kowa, har da dangin miji, har da aminiya.

Sai kafin alƙalami. Duk wacce tace a yi mata, ta fara turo rabi ko fiye, da kuɗinta za ki sayo kayanta, dubu 50 ɗinki kuma su tsaya na bokitai da mai da abun da za ki yi na saidawa a gida. Wacce ta ji haushi don kin nemi kafin alƙalami dama ba mai biya bace. Amma fa ki sani wanda ya ci ladan kuturu dole yayi masa aski, in kin karɓi kuɗin mutum 10 alhali ƙarfinki na mutum 6 ne, sunanki ne zai ɓaci a unguwa, ki ƙayyade adadi ki rufe karɓa. Akwai kuma hanyar da bata cin jari ko sisi, mace ta kawo fulawarta da manta da sugarta ke ki kwaɓa ki soya ki karɓi kuɗin aiki a kan kowane kwano. Ma'aikata mata da basu da lokaci suna neman irin wannan sosai.

Sayayya kar ki bari sai azumi ya raba, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku aika Kasuwar Singa a ɗauko buhun fulawa mai kilo 50 da jarkar mai ku raba, ya fi awo a shagon bakin layi sauƙi nesa ba kusa ba. Cincin da dublan suna jimawa in kin bari sun huce sarai kafin ki rufe, in kika rufe da ɗumi gumi zai sauka su yi laushi, don haka su ki gama su a goman tsakiya ki samu goman ƙarshe ki yi ibadarki. Kek shi baya son jira balle da zafin nan, sai ana gobe ko jibi Sallah.

Hoto ki ɗauka da safe a bakin taga kan farin faranti, ki sa a status ɗinki na WhatsApp da farashi a rubuce, ki roƙi 'yan uwa biyar su tayaki ɗorawa. Kuma dan Allah kar kaya su bar gidanki saboda an turo miki hoton rasit, ki buɗe Opay ko Moniepoint ko duk bankin da kike dashi ki ga kuɗin sun zauna da idonki, alat na bogi yana yawa lokacin Sallah.

Tambaya daga wata ɗaliba a Samaru, Zariya: Anti ina aji biyu a jami'a za mu samu hutu, na iya zanen lalle ina yi wa ƙawayena kyauta a hostel. Zan iya maida shi sana'a? Kunya nake ji in ce a biya ni.

Amsa: 'Yata ki ajiye kunyar nan, awa biyu kina sunkuye kan ƙafar mutum ba wasa bane. Jarinki kaɗan ne, lalle da salatef da almakashi da leda, sai tabarma a inuwa. Ki yi wa ƙannenki yanzu ki ɗauki hoto, ki raba farashi na yara daban na manya daban, hannu kaɗai daban hannu da ƙafa daban. Kwana uku kafin Sallah su ne kasuwar, ki ba kowa lokacinta ki rubuta, in ba haka ba daren jajibere za su cika tsakar gida kowa na cewa ita ta riga zuwa.

Abu ɗaya ne nake roƙonki, baƙin lalle. Yawancin wanda ake haɗawa da dayis na rina gashi akwai sinadarin PPD a ciki, kuma wasu fatar bata ɗaukarsa, sai ki ga wajen zanen ya kumbura ya yi ƙuraje har ya bar tabo da siffar fulawar. Duk wacce bata taɓa yi ba ki ɗiga mata kaɗan a cikin dantse ta jira kwana biyu, ƙananan yara kuma ki tsaya a jan lalle kawai ko uwarsu ta matsa.

Tambaya daga wani matashi a Rigasa, Kaduna: Anti wani abokina ya turo min link, wai in sa dubu 20 kullum in shiga in danna wasu hotuna a bani 1,500, in na kawo mutane a ƙara min. Ya nuna min har ya cire sau biyu. Ina so in samu kuɗin ɗinki, in shiga?

Amsa: Ɗana kar ka shiga, ko naira ɗaya kar ka sa. Ka tambayi kanka me suke saidawa da har danna hoto zai haifi kuɗi? Abun da abokinka ya cire kuɗin waɗanda suka shigo bayansa ne, kai ma naka za a ba wani, ranar da sababbi suka daina shigowa shafin ya rufe. Mun gani ai. MMM, wata harka irin wannan, tayi alƙawarin kashi 30 cikin 100 a wata, mutane suka zuba kuɗin makaranta da jarin shago, sai a Disamba 2016 ana dab da Kirsimeti aka daskarar da asusun kowa, daga baya hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya a bankuna tace 'yan Najeriya sun yi asarar wajen naira biliyan 18. A Afrilu 2025 kuma CBEX ta rufe da kuɗin jama'a bayan tayi alƙawarin ninka kuɗi a kwana 30, har mutane suka fasa ofishinta a Ibadan don takaici, hukumar SEC mai kula da zuba jari tace dama bata yi mata rajista ba. Suna yawan ɓullowa gab da biki ne don sun san lokacin idon mutane yake rufewa, banza kuma bata kai zomo kasuwa. Lambar BVN ɗinka da lambobin da banki ke turowa ta waya kar ka ba kowa.

Dubu 20 ɗin nan ka sayi dutsen guga na gawayi da sitaci da omo, ka sa teburi a zaure ka rubuta wanki da guga da wankin hula, satin Sallah kayan sai sun fi ƙarfinka. Ko ka nemi matan unguwarku masu cincin da ɗinki da turaren wuta da basa fita, ka zama mai kai musu kaya ana biyanka kowace tafiya. In kuna samun wuta kuma akwai firiza a gida, ƙanƙara da la'asar a azumi bata kwantai.

Tambaya daga wani dattijo a Gumel, Jigawa: Na yi ritaya daga koyarwa, ina da fili a bayan gida. Ina tunanin kiwon raguna don Layya, yaushe ya kamata in saya?

Amsa: Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tsakanin Ƙaramar Sallah da Babba kwana 70 ne ko kusa da haka, rago kuma yana son wata uku zuwa huɗu kafin yayi ƙiba ta a zo a gani, don haka yanzu ne lokacin, kafin azumi ko farkonsa. Ga Maigatari nan kusa da ku tana ci ranar Alhamis, dabbobi na shigowa daga Nijar, ku je da wanda ya san haƙori. Ku nemi mai dogon ƙashi da faɗin baya ko da ya ɗan rame, jinsin Balami ko Uda sun fi ɗaukar jiki, jinsin ɗan ƙasa kuma ya fi sauƙin ciyarwa da saurin fita don masu ƙaramin ƙarfi sun fi yawa a masu saye. Ya kasance zai cika shekara kafin Layya, ba gurgu ba, ba mai ido ɗaya ba, don kar mai saye ya dawo muku dashi.

Ranar da suka iso a kira malamin dabbobi ya basu maganin tsutsar ciki da allurar rigakafi, a ware su daga na gida na sati biyu. Abincin shi ne ke cinye riba, harawa da ƙowa da dusa da ɗan kanwa a ruwa, ku saye su da yawa yanzu ku adana a rumbu don ana shiga bazara suke tsada. Ku fara da biyu ko uku bana, kuma ku sayar ana saura sati ɗaya ko kwana goma, kar ku riƙe har jajibere kuna jiran ƙari, akwai shekarun da kasuwa ke cika maƙil a ranar farashi ya faɗi dillalai su koma gida da dabbobinsu.