Donot ɗin ruwan tuffa: abin da za a saya da abin da za a bari a kanti

Duk shekara da zarar watan Satumba ya kama, masu girki na Amurka sai su cika intanet da hoton wani donot mai ruwan ƙasa, an barbaɗe shi da sukari da kirfa. Lokacin tsinkar tuffa ne a wurinsu. A jihohin arewa maso gabas, irin su New York da Massachusetts da Vermont, iyalai kan fita gonakin tuffa a ƙarshen mako, su tsinka da hannunsu, su sayi donot da zafinsa a bakin gona. Bana wasiƙu sun taru mini a kansa, shi ne na ce bari in amsa su wuri guda.

Tambaya: Anti, wata takwas ke nan da na biyo maigidana Amurka. Maƙwabciyata ta kawo mana donot ɗin da suke ce wa apple cider, na karɓa na yi godiya amma ban ci ba, don na taɓa jin cewa cider giya ce. Haka ne? In ba giya ba ce, wanne zan saya in yi nawa?

Ƙanwata, kin kyauta da kika tsaya tambaya kafin ki kai baki. Abin da kika ji gaskiya ne, amma a Ingila. Can in an ce cider, abin maye ake nufi. A Amurka kuwa apple cider ruwan tuffa ne da aka matse ba a tace ba, shi ya sa yake da duhu kamar kunun tsamiya. Mai sa maye hard cider suke kiran shi, kuma za ki ga an rubuta yawan barasar da ke ciki a jikin kwalbar. Wanda kike nema yana cikin firij kusa da sauran ruwan 'ya'yan itace, yawanci a jarkar roba. Abu ɗaya ki kula da shi: wanda ba a dafa ba tun daga gona, in ya daɗe yakan fara tsami da kansa. In kika ga jarkar ta kumbura, ko ta yi huci da kika buɗe, zubar da shi.

Sirrin donot ɗin kuma ba a sayen yake ba, a tafasawa yake. Ki zuba kofi biyu a tukunya mai faɗi, ki sa wuta matsakaiciya, ki bar shi a buɗe. Da farko kumfa fara za ta taso, ki kwashe. Bayan kamar minti ashirin za ki ga ƙananan kumfa sun koma manya suna fashewa a hankali, launin ya koma na zuma, ƙamshin ya cika kicin. Ki tsoma cokali ki ɗaga. In ya lulluɓe bayan cokalin, ya yi. Rabin kofi ake so ya rage. Daga nan kada ki matsa ko nan da can, don minti biyu sun isa ya ƙone ya yi ɗaci. Wadda ta zuba shi ɗanye cikin kwaɓi, kek ɗin kirfa za ta samu, tuffar ba za ta ji ta ba.

Ga 'yan uwa da ke gida, inda ba a sayar da irin wannan jarkar, ruwan tuffa na kwali ya wadatar, muddin an rubuta ɗari bisa ɗari a jikinsa. Da yawa cikin na kanti ruwa ne da sukari da ɗan ƙamshi, in an tafasa su sai su zama alewa. Ana iya markaɗa tuffa shida zuwa takwas a tace da ƙyalle mai tsabta, sai dai da tsadar tuffa a kasuwanninmu na kwalin ya fi sauƙi.

Tambaya: Ina da kwalbar khal ɗin tuffa a gida, wato apple cider vinegar, na ga sunansu kusan ɗaya. Zan iya amfani da shi?

A'a, 'yar uwa. Khal ruwan tuffa ne da ya riga ya zama tsami, zaƙinsa ya tafi. Rabin kofinsa zai lalata miki kwaɓin gaba ɗaya.

Tambaya: Anti, ina zuwa wurin motsa jiki a Abuja, kuma ina son kayan zaƙi. Duk bidiyon da na kalla garin furotin suke zubawa a donot ɗin. Na je na tambayi kuɗin gwangwani ɗaya, ya kusa cinye mini kwatan albashi. In daure in saya?

Ɗan uwa, kafin ka taɓa aljihunka mu yi lissafi tare, don lissafin shi zai ba ka amsa.

Ga kwaɓin da nake yi, mai fitar da donot 12. Fulawa kofi ɗaya, garin alkama rabin kofi, garin waken suya rabin kofi, ƙwai biyu, tataccen kindirmo giram 150, tafasasshen ruwan tuffar nan rabin kofi, mai babban cokali uku, sukari babban cokali huɗu, bakar hoda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, bekin soda rabin ƙaramin cokali, kirfa ƙaramin cokali ɗaya, sai gyaɗar ƙamshi da gishiri kaɗan. Ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram 6, biyu 12 ke nan. Fulawar da alkamar za su ba ka kamar 20. Waken suya kamar 16, kindirmon kamar 14. An tashi sittin da ɗoriya, wato kowane donot yana da kusan giram 5, alhali na soyawa da aka saba bai cika wuce 3 ba. Yanzu ka cire kwatan kofi na fulawa, ka maye gurbinsa da ludayi ɗaya na garin furotin, mai giram 30 wanda furotin ɗin ciki bai wuce 24 ba. Kowane donot zai tashi giram 7. Ƙarin giram biyu ke nan, sulusin ƙwai ɗaya. A kan sulusin ƙwai ba zan ce ka ba da kwatan albashinka ba.

Kada kuma ka ce za ka ninka garin don lissafin ya haura. Na taɓa gwada rabi da rabi da fulawa. A ido sun fito da kyau, amma da suka huce sai suka bushe suka yi tauri, in ka danna da yatsa su dawo kamar soson katifa, yara suka gutsura sau ɗaya suka ajiye. Garin yana shanye ruwa, zafi kuma yana ɗaure shi. Kwatan garin kwaɓi shi ne iyakarsa.

Tataccen kindirmon ba sai ka saya ba. Ka zuba kindirmo mara sukari a ƙyalle mai tsabta, ka ɗora kan matacin da ke bisa kwano, ka bar shi a firij awa huɗu ko biyar. Abin da ya rage a ƙyallen shi ne irin yogot mai kauri da ake sayarwa da tsada da sunan na Girka. Ruwa mai ɗan rawaya da ya ɗiga ƙasa kuwa, irinsa ne kamfanonin cuku suke tacewa su busar su zuba a gwangwanin da ka je tayawa. Waken suya kuma a soya shi sama-sama a busasshen kasko kafin a kai niƙa, in ba haka ba gafinsa zai danne ƙamshin tuffar.

In dai ka riga ka ƙudurta sayen garin don shan ka na yau da kullum, wannan wata magana ce. Ka duba lambar NAFDAC, ka duba alamar halal, ka tabbata kowane giram 30 yana da furotin 20 ko fiye. Akwai masu manyan buhuna da ake tallata su don ƙara ƙiba, galibinsu sitaci ne da sukari. Akwai kuma kolajin, wanda ake samowa daga fata da ƙashin dabba, har da alade a wasu ƙasashe, kuma furotin ɗinsa bai cika ba.

Tambaya: Anti, daga Zariya nake, ba ni da obin. Na ga injin donot mai amfani da lantarki, na ga kuma farantin gashi mai ramuka. Wanne ya fi?

Hajiya, injin nan ƙanana yake fitarwa, kuma in aka ɗauke wuta kina tsakiyar aiki kwaɓin zai zauna, bakar hodar ta gama tashinta a kwano. Faranti ya fi, na ƙarfe, don ya fi ba da launi kuma zai shiga tukunyar yashi. Amma ni da za ki ji tawa, ki fara da gwangwanin kek ɗin da kike da shi. Ki dunƙula takardar foyil kamar yatsa, ki shafa mata mai, ki tsayar a tsakiya, ga ramin donot ya samu. In gidan sun karɓe shi sau biyu ko uku, sai ki sayi farantin.

Ki haɗa busassun kayan daban, masu ruwa daban, ki juya su tare har garin ya ɓace kawai, kada ki buga. Ki zuba a leda, ki yanke bakinta, ki matsa a ramukan, kada su cika. Mai obin ta sa zafi digiri 175 na ma'aunin Celsius, minti 10 zuwa 12. Ke mai yashi ki bar tukunyar ta yi zafi minti goma tukuna, ki ɗora gwangwanin kan duwatsu uku don kada gindin ya ƙone, ki rufe, ki duba da tsinke bayan minti 15. Ki sani tun yanzu, laushin kek zai ba ki. Ɓawon nan na abin da aka soya a mai, irin na fanke, gashi ba ya ba da shi.

Tambaya: Maigidana yana da ciwon suga. Tunda gasawa ake yi kuma akwai furotin, zai iya ci?

'Yar uwa, wannan tambayar ta fi sauran nauyi a wurina. Gashi mai yake ragewa, bai taɓa sukari ba. Kofi ɗaya na ruwan tuffa yana da sukari kusan giram 24, kuma tafasawa ruwan kawai take korewa. Kofi biyu na ruwan da cokali huɗun nan na sukari sun kai kusan giram ɗari, wato ƙaramin cokali biyu a kowane donot, tun kafin a barbaɗa na sama, ga kuma fulawa da ita ma suga take zama a jini. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa ruwan 'ya'yan itace da zuma cikin sukarin da ta ce a rage, don haka musanya sukari da zuma ba zai fitar da ke ba.

Ki fara tambayar likitansa. In ya yarda, ki cire cokali huɗun, ki ƙara garin alkama a madadin rabin fulawar, ki barbaɗa kirfa zalla a sama. Guda ɗaya, bayan ya ci abinci mai ganye da nama ko wake, ba da safe cikinsa wayam ba. In kuna da na'urar gwaji, ya auna bayan awa biyu, ku ga abin da jikinsa ya ce. Ki kuma gasa a ranar da yara suke gida, ki raba sauran sha ɗayan nan take, kada su kwana a kan tebur yana wucewa yana ganinsu.