Abin da ya sa muke auna injin gashi alhali marasa lafiya suna jira

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke cin lokaci kowace safiya wajen auna injin gashin ciwon daji, ga mutane cike da benci tun asuba, injin kuma sabo, kamfani ya saita shi, allon kwamfuta bai taɓa nuna wata matsala ba. Ka ƙara da cewa tunda muna aunawa da kanmu, mene ne amfanin ɗan ma'aunin da ake aiko mana daga Ostiriya. Tausayin masu jira ne ya sa ka yi tambayar, na kuma ji daɗin haka. To saurara.

Injin bai san yawan hasken radiyeshin da yake bai wa mutum ba. A cikin kan linak, wato injin gashin namu, akwai ma'auni mai ƙirga, mu ne muka gaya masa ranar saiti cewa ƙirga 100 daidai yake da gire 1, wato awon hasken da jiki ya sha, wanda muke rubutawa Gy, a wuri kaza cikin ruwa. Abin da muka faɗa masa ran nan shi zai riƙa maimaitawa ga kowa, daidai ne ko ba daidai ba, allo kuma yana nuna lafiya lau. Mudun da gindinsa ya lotsa, ko sau dubu ka auna da shi awo ɗaya zai ba ka, mai sayarwa da mai saye duk su gamsu, hatsi kuwa bai cika ba.

Likita yakan rubuta gire 2 a rana, har a kai 60 ko 70 cikin mako shida zuwa bakwai. Tun 1976 ICRU, hukumar duniya mai kula da awon radiyeshin, ta ce abin da ya isa ga ciwon dajin kada ya kauce wa abin da aka rubuta da fiye da kashi 5 cikin 100. Wannan kashi 5 ɗin ba namu ba ne mu kaɗai. A cikinsa akwai kwanciyar mara lafiya, da motsinsa, da lissafin kwamfutar tsara gashi. Rabon da ya rage wa injin kaɗan ne, shi ya sa awon safe in ya kauce da kashi 3 nake so a kira ni, in ya kai 5 kuwa ba wanda zai hau gadon nan sai an gano dalili.

Yanzu ga inda nake so ka zuba ido sosai, wato awon da muke yi da tankin ruwa. Fili santimita 10 sau 10, cemba, wato ɗan ma'aunin hasken da muke sawa cikin ruwa, a zurfin santimita 10, kamar yadda ƙa'idar TRS-398 ta IAEA, hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Ostiriya, ta tanada tun shekarar 2000. Cembar nan ta Farmer iska ce a cikinta, cikin wani ɗan rami da bai kai santimita kubik guda ba, kuma a buɗe take, iskar ɗaki tana shiga tana fita. Haske yana ratsa iskar, ya haifar da caji, mu karanta. In iskar ta yi zafi ko nauyinta ya ragu, cajin zai ragu ko da injin bai canza komai ba. Takardar shaidar cembar an rubuta ta ne a kan zafin digiri 20 da nauyin iska kilofaskal 101.3, don haka dole mu gyara karatunmu ya koma can. Digiri 3 na zafi kusan kashi 1 ne. Shi ya sa nake hana ku ɗebo ruwa daga tankin saman kwano a watan Afrilu ku fara awo nan take. A bar ruwan ya kwana a ɗakin, kuma zafin ruwan za ka auna, ba na iskar ɗaki ba.

Nauyin iska ya fi haɗari. Kada ka taɓa ɗaukar sa daga wayarka ko daga rahoton yanayi, domin su sukan mayar da shi kamar a bakin teku aka auna. Garin da ke kan tudu kamar Zariya, nauyin iskarsa na gaskiya wajen 94 yake. In ka sa 101 a lissafi, za ka ga kamar injin yana bayarwa ƙasa da yadda ya kamata da wajen kashi 7, sai ka ƙara masa ƙarfi da hannunka, kana ganin gyara ka yi. Daga ranar kowane mara lafiya ya samu ƙarin haske, awon safe kuma zai riƙa cewa daidai, tunda da wancan saitin aka kafa shi. Baromitar da ke jikin bango ita za ka karanta, ita ma a tabbata an gwada ta da wata.

Ka ga ke nan awon kullum yana kama canjin injin ne kawai. Kuskuren da ke cikin kanmu ba ya kama shi. Wannan ne amsar tambayarka ta biyu.

A 1996, a asibitin San Juan de Dios na birnin San Hose a Kosta Rika, an sauya ƙwayar kobal ta injinsu, wato abin da ke fitar da hasken. Wajen awo aka ɗauki minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30, alhali daƙiƙa 18 ne. Lissafi ya nuna kamar ƙwayar ba ta da ƙarfi sosai, aka tsawaita lokacin gashi, mutum 115 suka samu ƙarin da ya haura rabin abin da aka rubuta musu, wasu suka rasu. Abin da ya fi ci mini rai a labarin shi ne, kafin nan binciken da IAEA take yi ta gidan waya ya sha nuna saɓani a awon wurin, ba a bi diddigi ba. A Ekseta ta Ingila kuwa, a 1988, mutum 207 suka samu ƙarin kashi 25 a injin kobal, kuma gwajin kwatanta awo tsakanin asibitocin ƙasar ne ya tona matsalar.

Ƙarin haske ma yakan nuna kansa: fata ta ƙone, gudawa ta ƙi tsayawa, nas ta ce wani abu ba daidai ba. Ragi ne ba ya magana. A wani asibiti a Arewacin Istafodshaya, nan ma Ingila, daga 1982 zuwa 1991 ana yin gyaran lissafin tazarar da ke tsakanin injin da mara lafiya da hannu, ashe kwamfuta ta riga ta yi shi, gyara ya zama biyu. Sama da mutum 1,000 aka bai wa ƙasa da haƙƙinsu cikin shekara tara. Mutum zai koma gida ba ƙuna ba komai, daga baya ciwon ya dawo, dangi su ce dama daji haka yake. Ka tuna waɗanda ke bencinmu. Injunan gashi a ƙasar nan ba su da yawa, wani daga ɗaruruwan kilomita ya zo, wani gona aka sayar. In muka ba shi ragi, mun cinye masa damarsa, ba kuma zai taɓa sani ba.

Don haka ma'aunin Ostiriya ido ne na wanda bai yi karatu a wurina ba, bai taɓa cembarmu ba, bai ga takardunmu ba. IAEA da Hukumar Lafiya ta Duniya sun fara wannan aiki tun 1969. A da wata hoda mai riƙe awon haske, wadda ake kira TLD, ake aikowa cikin ɗan kwanso, yanzu ɗan gilashi ne. Za mu sa shi cikin ruwa, mu lissafa lokacin gire 2 kamar yadda za mu yi wa mara lafiya, mu haska, mu mayar ɗakin gwajinsu na Saibasdof a Ostiriya su karanta. In bambanci bai wuce kashi 5 ba, an karɓa; in ya wuce, za su sake aikowa a bi sawu. Kada ka yi masa wani shiri na musamman don mu ci jarrabawa. Yadda muke yi kullum shi muke so a duba. Ita ma cembarmu tana da nata lokacin komawa ɗakin gwajin ma'aunai, irin wanda ke cibiyar kariya daga radiyeshin ta Ibadan, a kwatanta ta da ma'aunin da aka danganta da na duniya.

Sai abu ɗaya da ba na sassauci a kansa. Duk ranar da injiniya ya buɗe injin ya taɓa wani abu, ko wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi injin ya yi gardama, ba a ɗora mutum sai mun auna. A Saragosa ta Sifen, a 1990, gyara aka yi aka ci gaba da gashi ba tare da an kira masu awo ba, mutum 27 abin ya shafa. Ko wane ne ya matsa maka, ka ce ni na hana, a zo a same ni.

Ranar Asabar za mu yi awon wata. Ka cika tankin tun Juma'a da yamma. Kai za ka karanta baromita da ma'aunin zafi, ka yi lissafinka a takardarka daga farko har ƙarshe ba tare da ka ga nawa ba, ni ma ba zan leƙa naka ba. In mun gama sai mu ajiye takardun biyu gefe da gefe, in sun saɓa da fiye da kashi 1 mu bi su layi-layi har mu ga inda suka rabu.