Karatu kaɗai ba ya isa, amma yana buɗe ido

Salamu alaikum ɗan'uwa, ka tambaya wai shin lakwal na iya sa mutane su girmama haƙƙin ɗan Adam ko kuwa magana ce ta bisa takarda kawai. To ni dai a ganina tana iyawa, amma ba ta hanyar hardar darasi ba, don yaron da mushen lakwal ke zabga ma bulala kullum ko ana karanta mishi sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 safe da yamma abin da zai koya shi ne mai ƙarfi ke da gaskiya.

Dubi nan jihar Tawa ma. Bauta an haramta ta a dokar Nijar tun 2003, amma mutum nawa a ƙauye suka sani? Hadijatou Mani da aka saida tana shekara 12 a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ajiyewa kamar mata ta biyar, sai da ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta wayar mata da kai ta tsaya mata kana ta kai ƙara, kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta zamna Yamai a 2008 ta ce gwamnati ta kasa kare ta, a biya ta miliyan 10 na sefa. Doka tana nan tuntuni, sanin ta ne babu.

Shi ya sa ni maganar barin 'yan mata su ƙare CEG, wato ƙaramar sakandare, ta fi damuna, wadda ta iya karanta takarda da wuya a sa ta dangwala hannu kan abin da ba ta yarda ba. Kuma kar a bar malaman allo da limamai baya, huɗubar Juma'a ta fi aji tara jama'a nesa ba kusa ba.