Ma'anar "no cap" da yara ke rubutawa

Malam ka ce ƙaninka na yawan rubuta "no cap" a WhatsApp, kana tambaya ko maganar hula ce. Hhh ba ruwansa da hula wallahi. A Turancin baƙaƙen fatan Amurka "cap" ƙarya ce ko cika baki, to "no cap" kamar mutum ya ce da gaske nake, irin yadda mu muke cewa Allah kuwa. Mawaƙan rap na birnin Atlanta a Amurka ne suka yaɗa shi, TikTok ya kai shi ko'ina. In wani ya sharo ta sai a ce masa "that's cap", wasu ma hoton shuɗiyar hula kawai suke turawa, nan kam hula ta shigo. Kar dai ka rubuta wa oganka a ofis.