Taika ko Jimmu: daga ina lissafin zamunan Japan ya faro?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina rubuta kundin kammala digiri kan tsohuwar sarautar Japan. Littafin da ke hannuna ya ce zamani na farko shi ne Taika, a 645, amma shafukan intanet da dama sun ce lissafin ya faro tun 660 kafin Miladiyya, daga Sarki Jimmu, wanda ake cewa shi ne sarkin Japan na farko. Lokacin miƙawa ya ƙarato, hankalina a tashe yake. Wanne zan rubuta?

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yata, littafinki ne ke da gaskiya. Taika shi ne sunan zamani na farko, wato sunan da fada ke raɗawa don ƙirga shekaru da shi, an raɗa shi a 645 lokacin Sarki Kotoku. Sai Hakuchi a 650, bayan an kai wa fada wani farin tsuntsu aka ɗauke shi alamar alheri. Daga nan abin ya yi ta yankewa, sai daga Taiho a 701 ya ɗore har zuwa Reiwa ta yau.

Batun 660 ɗin nan kuwa, wallahi na gaji da gyara shi. Kullum sai ɗalibi ya kwaso shi daga masu ci da tarihi a Facebook, waɗanda ba su taɓa tambayar inda adadin ya fito ba. Daga Nihon Shoki yake, littafin da fada ta kammala a 720, fiye da shekara 1,300 bayan lokacin da yake ba da labari. Littafin nan fa shi ne ya ba Jimmu shekara 127 a duniya! Masanin tarihi Naka Michiyo ya nuna cewa lissafi aka yi: an koma baya da shekara 1,260 daga 601, bisa imanin 'yan China cewa a irin wannan zagaye ake samun babban juyi.

Kuma kada ki ɗauki abin wasa. Gwamnatin Sarki Meiji ta amince da wannan lissafi a hukumance a 1872, a 1940 kuma aka yi gagarumin bikin cikar daula shekara 2600 ana tsaka da yaƙi da China. A 1940 ɗin nan aka haramta littattafan masanin tarihi Tsuda Sokichi, daga baya aka gurfanar da shi a kotu, don kawai ya yi shakkar labarin sarakunan farko. Adadin da aka hukunta malami a kansa, shi ake yaɗawa yau ba ko bincike?

Ki rubuta Taika, 645. In kin ambaci Jimmu, ki faɗa ƙarara cewa riwayar fada ce.