Sitiyarin da ke rawa in an taka birki

Ka ce mini, "Oga, Corollar nan da aka kawo jiya tana gudu lafiya lau, amma da an taka birki sai sitiyari ya kama karkarwa. In kai ta a yi mata balansin?" Balansin na me? Shekara biyu kana wanke mini noti a fetur, har yau ba ka raba wannan da wancan ba? Tayar da ba ta da balansin a kan gudu take rawa, ko ka taka birki ko ba ka taka ba. Wadda kuwa sai an taka take yi, ciwonta yana farantin birkin gaba. Da a kujera ka ji girgizar, da na ce ka duba na baya.

Jawo bencin can ka zauna, ka fama mini tsohon miki.

Wani Alhaji ne, irin wannan motar ce ma, ƙirar 2005. Ya zo da direbansa, ya ce in gyara, kuɗi ba matsala. Na shiga Ƙofar Ruwa da ƙafata, na zaɓo faranti biyu masu kyau da fad, wato takalmin birkin da ke kama faranti, na cike dubu 38 daga aljihuna, kuɗin da na ware na makarantar yara. Na kankare tsatsar fuskar hob, wato mazaunin faranti, har tana ƙyalli, na ɗaura, na fita da ita titin Zariya na gwada. Shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ya ce Juma'a zai aiko da ciko.

Juma'a takwas suka wuce. Ranar da ya dawo ba da kuɗi ya zo ba, da masifa ya zo. A gaban yarana, a gaban mai shayi, ya ce na wanke masa tsohon faranti na ce sabo ne. Ni! Na haɗiye, na ce a ɗaga motar. Notin tayar hagu ya ƙi motsi sai da muka zura wa sifana bututu, mutum biyu suka hau, ƙusa ɗaya ta karye. Na cire faranti, ga yashi maƙale tsakaninsa da hob. Na dubi direban, ya sunkuyar da kai. Ashe ramin hanya ya kashe musu boris wajen Kwanar Dangora, wani a bakin titi ya canza, ya ajiye farantin a ƙasa, ya mayar da shi da yashinsa, ya ɗaure noti da bindigar iska son ransa. Alhaji ya gani da idonsa, amma ya ce shi bai san wannan ba, birki ya kawo mini kuma birki ya lalace. Ya ja motarsa. Har gobe in na ga irin launinta a titi sai raina ya ɓaci. Ba kuɗin ne ya fi ci mini rai ba, kalmar ɓarawo ce a gaban yaran da nake koya wa aiki.

To ka gane abin da ya faru. Faranti in bai zauna daram a kan hob ba, yana juyawa yana leƙe, kowane zagaye sai ya gogi fad a wuri ɗaya. Bayan 'yan dubban kilomita wajen ya sirance. Ka taka birki, fad ya kama, ya saki, ya kama, shi ne kake ji a hannunka. Leƙen da aka yarda da shi a motar nan 0.05 na milimita ne, wajen kaurin silin gashi. Ido ba ya ganinsa, sai agogon awo. Yana nan cikin akwatina, ba wanda ya taɓa cewa in nuna masa. Ku yaran yanzu waya kuka sani, ku kalli bidiyon minti uku ku ce kun iya, shekara ɗaya ku fara maganar a yaye ku.

Ka auna kaurin farantin wuri takwas a zagaye. Sabonsa milimita 25 ne, iyakarsa 23, kuma a rubuce yake a jikinsa. In yankan da za a yi masa a inji zai kai shi ƙasa da haka, kada ka wahalar da kanka, a sayo sabo, kuma biyu, ba ɗaya ba. Ka ja fil ɗin kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faranti, da hannu. In ya cije, fad ba ya sakin faranti, za ka ga ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi don zafi, sabo ma haka zai ƙone. Ka girgiza taya ka ji tayirod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, da bushin, wato robobin mahaɗa, don in sun saki, ƙaramar rawa sai ta zama babba. Notin taya kuma da sifanar awo, niyutan-mita 103, a tsallake-tsallake. Na ga bindigar iska a hannunka wajen ɗauri, ranar ka koma gida.

Jeka ka ɗaga ta ka cire tayoyin gaba. Kada ka taɓa farantin sai na zo da agogo. In mai motar ya kira, ka ce masa kuɗin kaya a hannu tukuna.